Hannun Aro

Mahaifiyata ta karye a kafaɗa cikin daminar shekarar da ƙasar nan ta ajiye sunan da Turawa suka sa mata ta ɗauki sabo. Ba wani babban abu ne ya kayar da ita ba. An yi ruwa da safe, gansakuka ta yi kore shar a bakin kwatar tsakar gida, ita kuma ta fito da buta za ta yi alwalar azahar. Santsi ya kwashe ta, ta kai hannun dama za ta dafa ƙasa, nauyinta duka ya sauka a kansa. Waɗanda ke gidan sun ce ko ƙara ba ta yi ba. Da aka ɗaga ta, abin da ta fara tambaya shi ne ko butar ta lotse.

A lokacin ta tsufa, amma ba irin tsufan da ke zaunar da mutum ba. Gidanmu yana unguwar Alabar, gidan 'yan goro ne tun kakana, wanda ya biyo fatake daga ƙasar Kano ya yada zango bai sake tashi ba. Ni kuwa ina aure a wata unguwar, Aboabo, ina dafa wake da shinkafa ina sayarwa a bakin hanya, 'ya'yana har sun tasa. A gaban tukunya labarin ya iske ni. Na bar wa maƙwabciyata ciniki, na yafa mayafi na kama hanya.

Sai na faɗi yadda muke da ita, in ba haka ba sauran zancen ba zai fito ba. Ni ce 'yar fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar mahaifina, a ɗaya ɓangaren na tsakar gida, can na girma. Ƙannena suna kiran mahaifiyarmu Mma. Ni ba ni da abin da nake kiranta, domin ba ta taɓa tsayawa inda zan kira ta ba. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. In muka yi kiciɓis a zaure sai ta kau da kai kamar ta tuna wani abu a jikin bango. In tana da magana da ni, wanda ke kusa take faɗa wa, ko da ɗan yaye ne: a gaya wa waccan ta kwashe shanya. Da na yi aure sai na samu ƙarin girma, na tashi daga "waccan" na koma "ta Aboabo".

Mutane suna yaba mata. Tsofaffin Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, sukan ce irin kunyarta ta ƙare, matan yanzu har goya ɗan fari suke yi su shiga kasuwa da shi. Al'adar ba baƙuwata ba ce, ni ma ba na faɗin sunan babban ɗana. Amma na san abin da ke cikin ƙirjina in na kau da kai daga gare shi. Nata ƙirjin ne ban sani ba. Na haura shekara arba'in ban san ko matar nan tana ƙaunata a ƙarƙashin kunyar ba, ko kuwa al'ada ce kawai ta zo mata daidai da ra'ayi. Abin yana cina, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Autarmu kuwa har bayan aurenta kwano ɗaya suke ci, ta kwantar da kai a cinyarta tana shagwaɓa. Sai dai a wannan daminar auta tana can arewa mai nisa a Tamale wurin mijinta da tsohon ciki, ba mai ɗora ta a lori sai ta sauka ta yi arba'in.

Ƙanena, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar mahaifinmu, ya ɗauko tasi aka kai ta babban asibiti. Suka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna inda ya tsage, dab da ƙasan kan kafaɗa, ya ce bai goce da nisa ba. Ya ce a shekarunta ba a yanka, ba a kuma sa siminti a wurin. A rataye hannun a wuya da ƙyalle, ƙashi zai kama da kansa. Ƙanena ya dawo ransa a ɓace. Gani yake an raina masa wayo, ya je har asibiti a tasi ya dawo da ƙyalle. Kafin magariba ya aika a kira maɗori.

Maɗorin mutumin Dagwamba ne, a unguwarmu ta Aboabo yake, dattijo marar yawan magana, a gidansu ya gaji sana'ar. Ya lalubi wurin da yatsu, ya faɗi abin da likita ya faɗa. Ya ce kafaɗa ba ƙwauri ba ce, ba ta karɓar kara. Ya shafa man kaɗanya da ya kwaɓa da wani baƙin gari, ya cusa curin auduga a hammata, ya ce a kawo majanyi. Da shi ya ɗaure damtsen a jikin haƙarƙari, tafin hannu a kan ciki, ya zagayo ya ƙulle a baya. Daga nan ya ce a kamo kaza. Aka kamo wata ja, ya karya mata fiffiken dama a gabanmu, ya shafa mata maganin ya ɗaure da tsumma. Haka suke yi a gidansu: yadda kaza ta warke haka mai karaya zai warke, ran da aka tabbatar da sauƙi kuma kazar ta zama ta maɗori. Har yau ban san abin da kazar take ƙarawa ba. Abin da na gani dai shi ne hankalin ƙanena ya kwanta, yanzu an yi aikin da ido ke gani.

Kafin ya tafi ya bar mana ka'idoji. A zaune za ta riƙa barci, a tokare ta da matasai. Jini zai kwanta ya gangaro har gwiwar hannu da ƙirji, fata ta yi baƙi, kada mu tsorata. Ya ce ƙashin tsoho yana kamawa, jinkiri kawai yake yi. Wanda yake jin wa tsoro shi ne tsohon da ya zauna wuri ɗaya ya daina cin abinci. Irinsu ne ya ga suna tafiya, ba kuma karayar ce ke ɗauke su ba.

Kamar ya san da wa yake zance. Mma ta ce ita ba za ta ci da hagu ba. Ta ce tun da aka haife ta aikin hannun nan ɗaya ne, kowa ya san shi, ba kuma da tsufanta za ta canza masa aiki ba. Aka kawo cokali, ta tambaya da wane hannu ake riƙe shi. Ƙanena ya ɗauko malamin masallacinmu, ya zauna a bakin ƙofa ya yi bayani a natse cewa lalura ce, ba laifi a kanta. Ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya ƙara ilimi, bayan ya fita ta ce malam ya je ya gwada a gidansa. Matar ƙanena ta ce za ta ba ta a baki. Wannan ko tattaunawa ba a yi ba, suruka ba ta buɗe baki matar ɗanta ta zuba mata loma. Saura jikoki, su da wasa ke tsakaninsu da ita, amma Mma mace ce mai ƙyanƙyami, ta kuma san inda yatsun yara suke shiga. Koko kawai take kurɓa, a ɗora ƙwarya a kan turmi ta sunkuya ta kai baki.

Cikin 'yan kwanaki idanunta suka faɗa, zani ya fara zamewa daga ƙugunta. Kazar kuwa, da ke ɗaure da igiya a ƙofar ɗakin, cin tsabarta take yi da fiffike ɗaya, ko a jikinta. Ni kullum ina zuwa, in gaida bango, in zauna a dokin ƙofa, in tashi. Ba wanda ya sa ni cikin masu iya ba ta abinci, ni ma ban sa kaina ba.

Da maɗori ya dawo duba ɗaurin, ya tsaya a tsakar gida ya yi tambaya da Hausarsa ta Zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Tsohuwa ya ci tuwo?"

Aka ce a'a, aka jera masa duk waɗanda ta ƙi. Ya dube ni ya tambaya wace ce wannan. Matar ƙanena ta rage murya ta ce 'yar fari ce. Ya yi ɗan murmushi, ya ce ya daɗe cikin Hausawa, ya san irin wannan.

"To, ido ne wahala, ko hannu?" ya ce da ni. "In ido ne, kai zauna a baya. Shi bai gan ka, kai ba ka gan shi. Hannu kawai ya zo."

Mma tana ji daga ɗaki. Ta faɗa wa bango cewa mutumin da bai iya raba mace da namiji a bakinsa ba, ba shi zai koya mata cin tuwo ba. Duk wanda ya san ta ya lura cewa ba ta ce a'a ba.

Washegari na tuƙa tuwo mai laushi a gidana, na kaɗa miyar ayoyo, wato lalo, na ɗauko a kai tun daga Aboabo. Na wanke hannu da sabulu da ruwan zafi har gwiwa, a bakin ƙofarta, ina fantsala ruwa yadda za ta ji. Da na shiga na tarar ta riga ta matsa gaba a kan tabarma, ta bar fili tsakanin bayanta da bango, daidai zaman mutum ɗaya. Na ajiye akushi a gabanta, na raɓa ta gefe na shige wurin. Na zuro hannuna na dama ta gefen damtsenta da ke ɗaure, ina leƙen akushin ta saman kafaɗarta. Lomar farko a haɓa ta sauka.

"Wannan hannu makaho ne," in ji ta, tana kallon ƙofa.

Ta biyu ta sunkuyo ta tare ta da kanta. Na ji leɓɓanta a yatsuna, busassu, na ji dasashi da ragowar haƙora. Iyakar tunawata, ran nan ne jikina ya fara taɓa nata. Ba zan ce na ji daɗi ba. Tsoro na ji, ga ƙuguna ya ƙage don zaman a takure yake. Ta ci kamar rabin malmala, ta ce hannu ya tsaya haka. Na janye shi, na fito ta inda na shiga, ba mu haɗa ido ba.

Haka muka ɗore, rana da yamma. Cinikina ya koma hannun maƙwabciya da 'yata, mijina yana gunaguni ina yi masa kunnen uwar shegu. A zaman nan na san bayan mahaifiyata fiye da yadda na san fuskarta: furfurar da ke leƙowa ta ƙasan kallabi, wani tsohon tabo a bayan kunnen hagu wanda ban san mafarinsa ba, ƙamshin man kaɗanya da na goro da na tufafin da suka daɗe a adaka.

Da hannun take magana. Da fari umarni ne kawai: hannu ya rage loma, hannu ya dangwali miya da kyau, hannu ya yi wa miyar yau rowar daddawa. A hankali zancen ya faɗaɗa. Wata rana ta tambayi hannu ko ruwan jiya ya shiga ɗakinsa, don ta ji an ce rufin Aboabo duk yoyo yake yi. Wata rana ta tambaye shi tarin babban ɗansa. Ban san ta san yana tari ba. Ni kuma kallabi nake amsa wa, a gajarce, kada in yi yawa abin ya tsinke. Ta ba hannu labarin yadda ta zo garin nan tana budurwa cikin ayarin mahaifinta, da yadda suka shiga kurmi da rana tsaka ta yi zaton magariba ce ta riske su. Labaran nan auta ta haddace su tun tana ƙarama. Ni ban taɓa jin ko ɗaya daga bakin mai shi ba.

Da aka kwana biyu kumburi ya sauka, maɗori ya kwance ɗaurin jiki ya bar majanyin rataye a wuya kawai. Ya ce yanzu aka zo wurin da tsofaffi ke zaginsa. Kafaɗar tsoho in ta wuce lokaci a ɗaure bushewa take yi kamar fatar da aka manta a rana, ƙashi ya warke amma hannu ba ya sake tashi. Ya nuna yadda za ta yi: ta duƙa ta dafa turmi da hagu, ta saki na dama yana lilo, ta riƙa juya shi a hankali kamar mai dama kunu. Daga baya kuma ta fuskanci bango, yatsunta su riƙa hawa har inda zafi ya tsayar da su, a ja layi da gawayi a wurin. Zagi kam ya sha shi, da shi da kazarsa da garinsu. Ni ce mai riƙe ƙugunta kada ta kife, tunda baya ya zama wurina.

Layin gawayi ya yi ta hawa. Ni nake jansa, na kuma san abin da nake ja: ran da hannunta ya kai baki, zamana ya ƙare. Ban yi wa aikin ha'inci ba, kullum sai mun yi, amma ban taɓa fatan ya yi sauri ba.

Sai layin ya tsaya. Ya kai daidai ƙirjinta ya ƙi gaba. Cikin kwanakin ne kazar ta tsinke igiya ta yi fir ta haye rufin madafa, yara suna ta tsalle, matar ƙanena tana cewa shi ke nan, Mma ta warke. Aka kira maɗori. Ya ce ta kai hannu baki. Hannu ya taso daga cinya, ya zo ƙirji, ya tsaya yana karkarwa, ta yamutsa fuska ta mayar da shi. Ya kama kafaɗar ya danna nan ya danna can, ya riƙe gwiwar ya juya damtsen a hankali. Ya daɗe yana kallonta, ita kuma tana kallon bango. Can ya ce ƙashin tsoho yakan bi bayan na kaza da nisa, a ci gaba yadda ake yi. Bai ɗauki kazarsa ba.

Hankalina ya tashi da gaske. Na ɗauka ni ce na ɓata wani abu wajen lilon. Ƙanena ya ce a koma asibiti, tunda dama sun ce a dawo, ta ce ba inda za ta. Muka ci gaba, hannu yana zuwa rana da yamma, layin gawayi yana nan inda yake har ya fara gogewa.

Wata rana hadari ya haɗo tun hantsi. Na ga in na jira lokacina ruwa zai tare ni a hanya, sai na ɗauki akushi na fito da wuri. Gidan shiru, maza suna rumfar goro, matar ƙanena ta tafi famfo da yara. Ban yi sallama a zaure ba, ga kaya a kai ina haki. Na iso ƙofar ɗakinta, asabari a sake, ana ganin ciki ta tsakanin karare.

Tana zaune, majanyi rataye a wuyanta ba komai a ciki. Magogi yana hannun hagu, tana goga goro da na dama, da ƙarfi, yadda take yi tun da haƙoranta suka zube. Ta tattara garin a tafin hannu ta watsa a baki. Sannan ta miƙe, ta ɗauki gwangwanin goron, ta ɗaga hannun nan ta ajiye shi a kan katanga ƙarƙashin rufi, can sama da layin gawayina. Ta sauke hannun, ta juya kafaɗar yadda maɗori ya koya mata, ta zauna.

Haushi ne ya fara zuwa mini. Na tuna ƙafafuna, da masu sayen wakena da suka koma wurin wata, da fargabar da na yi ta kwana da ita a kan hannun da lafiyarsa lau. Na juya a hankali na koma zaure, na sauke akushin na zauna a kan dakali. A nan haushin ya sake ni. Matar da ta gwammace yunwa a kan ta ci da hagu, yau ita ce take ɓoye lafiyayyen hannun dama, don me? Wata zuciya ta ce don ke ce. Wata ta ce kada ki ruɗi kanki, kaɗaici ne, kowane hannu ma zai yi kafin auta ta dawo. Ban yi kuka ba.

Da na tashi sai na yi gyaran murya, na rangaɗa sallama kamar baƙuwa, na tsaya na yi wa kaza faɗa a tsakar gida, na wanke hannu a natse. Ko da na ɗaga asabari, hannu yana cikin majanyi, ta matsa gaba ta bar mini wurina. Na zauna na fara ba ta. Jan goro ya fito a yatsuna tun lomar farko.

"Hannu ya yi sammako yau," in ji ta.

"Hadari ne," na ce wa kallabi.

Ta ce lallai, hadarin bana ba ya sallama. Ta cinye tuwonta tas.

Ba a daɗe ba na gamu da maɗori a kan hanyarmu ta Aboabo. Na gaishe shi, na tambaye shi, don in ji ta bakinsa, yaushe yake ganin hannun zai tashi. Ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Maame, hannu wanda ba a motsa shi, ba ya laushi haka," ya ce, yana kirana Maame yadda mutanen garin ke kiran mace. "Ni aiki na ya ƙare tuntuni kraa, gaba ɗaya. Wanda ya saura, naka ne da shi."

Ya ce ba zai faɗa wa maigidan ba, shi ƙashi aka kira shi ya duba. Kazarsa ce dai take ta ƙiba a gidanmu har ta fara ƙwai, ya ce a riƙa tuna wa yara mai ita.

Muka cinye sauran daminar a haka. Ƙanena yana ta yawon neman wani man shafawa, har unguwar Sofoline ya je. Ni kuwa na daina zuwa da wuri, in na iso zaure sai na yi sallama mai ƙarfi na ba ta lokaci. Ban sake jan layin gawayi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ban taɓa samun kwanaki irin waɗannan ba, ko da yake ba abin da ke cikinsu sai tuwo da ciwon ƙugu.

Ruwa ya ɗauke, auta ta yi arba'in, lori ya sauke ta da jaririnta. Ban ji labarin isowarta ba sai da na zo da akushi da rana kamar kullum. Tun daga zaure na jiyo dariya. Matar ƙanena ta tare ni a tsakar gida.

"Yaya, zo ki gani. Auta ta zo da sa'a paa, sosai. Hannun Mma ya tashi."

Na leƙa. Mma tana kan tabarma, jariri a cinya, majanyin har ya koma ƙugun auta. Hannunta na dama yana cikin kwano ɗaya da na auta, tana kai loma baki kamar ba ta taɓa fasawa ba. Ƙanena yana ta hamdala, har ya aika a kai wa maɗori kazarsa. Ni ma na yi hamdala. Na yi wa auta barka, na ajiye akushina a gefe, ba wanda ya buɗe shi. Na koma dokin ƙofa, wurin zamana na da. Mma ba ta dubi inda nake ba. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na ce wa kaina to ga amsarki, aron hannu aka yi kafin mai kwano ta dawo, an kuma gama da shi.

Auta ta sha hanya, bayanta yana ciwo. Da ta ƙoshi ta wanke hannu, ta duba inda za ta jingina, ta ga fili tsakanin bayan Mma da bango. Sai a lokacin na lura a gaba Mma take zaune, yadda muka saba. Auta ta rarrafa za ta shige.

"Ke, fito daga nan," in ji Mma, ko waiwayawa ba ta yi ba. "Wurin da mai shi."

Auta ta yi dariya ta ce wa ye mai shi, aljani? Mma ta ce a miƙo mata ruwa. Ba wanda ya sake tayar da maganar, auta ta nemi wani bangon.

Ta yi wasu shekaru bayan nan. Kafaɗar ba ta koma kamar da ba sarai, in sanyi ya sauka takan yi mata tsami, amma da kanta take ɗaura kallabi har ƙarshe. Ba ta sake yi wa hannu magana ba, sunana kuma bai fita daga bakinta ba har ta koma ga Allah, "ta Aboabo" nake. Sai dai duk lokacin cin abinci takan ja jiki gaba ta bar filin nan a bayanta, tsohuwa bayanta ya ranƙwafe, ga bango kusa ba ta jingina. Matar ƙanena ta sha cusa matashi a wurin, tana fita Mma ta zare shi da hannun dama ta ajiye a gefe. Ni ma ban sake shiga wurin ba. In na zo a dokin ƙofa nake zama, daga nan ana ganinsa sosai.